Ɗinkin dutse a Abu Simbel

Tun kafin kiran assalatu motar ta ɗauke mu daga Aswan. Kusan kilomita 280 ne zuwa Abu Simbel, kwalta miƙaƙƙiya cikin rairayi, ba gari ba itace, sai tireloli masu nufar iyakar Sudan. Gyangyaɗi na yi ta yi har rana ta fito.

Ana zagayo wani tsauni sai ga su: gumaka huɗu na Fir'auna Ramsis na Biyu a zaune, kowanne ya kai mita 20, sun sa tafkin Nasir a gaba. Ɗaya ya karye tun zamanin da, kansa na yashe kusa da ƙafafunsa. Yadda aka tarar da shi, haka aka sake ajiye shi.

Ni dai ɗinkin na je gani. In ka matsa kusa ka ƙura ido, za ka ga siraran layuka sun ratsa bango, an cike su da turmi mai launin dutsen. Nan zarto ya bi. Da Masar ta fara gina babbar madatsar Aswan a 1960, da taimakon Tarayyar Sobiyet, ruwa zai haɗiye wurin nan ɗungurungum. Hukumar UNESCO ta yi yekuwa, ƙasashe kusan 50 suka sa hannu a aljihu, a lokacin da Gabas da Yamma ba sa ga maciji. Daga 1964 zuwa 1968 aka yanyanka haikalan wurin guda biyu kamar sabulun wanki, gunduwa fiye da dubu, wata ta kai tan 30, aka hau da su sama mita 65, aka ja baya mita 200, aka sake harhaɗawa. Tsaunin ma na hannu ne, kankare ne a ƙarƙashinsa. Har saitin rana sai da suka kiyaye: wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba haskenta kan kutsa har ƙuryar ciki. Wannan aikin na cikin abubuwan da suka haifi yarjejeniyar kare kayan tarihin duniya ta 1972.

Direbanmu Banube ne, bai shiga ba, yana can inuwa yana shan shayi. Na ce, «Malam, ba za ka leƙa ba?» Ya nuna tafkin da haɓa, ya ce ƙauyen kakansa na ƙarƙashin wancan ruwan, da dabinonsa da kaburburansa. Mutanen Nuba wajen 100,000 aka tasa. Na Masar aka kai su yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogi. Na Sudan kuwa, mutanen Wadi Halfa, aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba a gabashin Sudan. Kowane dutse an sa masa lamba don kada ya ɓata wurin zamansa, kuma a ganina rabin wannan kulawar ma ba ta kai ga mutanen ba.

Masar ta yi wa wasu ƙasashen da suka taimaka tukuici da ƙananan haikalai: Dendur yana New York, Debod yana Madrid. Rabon Sudan, wato haikalan Buhen da Semna da wasu zanen bangon cocin Faras, aka kai gidan tarihi na Khartoum. Wannan gidan ne aka wawashe bayan ɓarkewar yaƙin 2023, har UNESCO ta roƙi dillalan kayan tarihi kada su sayi abin da ya fito daga Sudan.

Kafin azahar zafi ya kore mu, muka kamo hanyar Aswan.