Fim ɗin da ya kwana shekara talatin cikin akwati

A ƙarshen shekara ta 1993, wani malamin lakwal a Damagaram ya ari kyamara ya ɗauki hotunan sunan ɗansa na fari. Ya cire fim ɗin ya ajiye, da niyyar kai shi wanki in albashi ya fito. Albashi bai fito ba, sai ga ranar 12 ga Janairu 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Gero ya fi hoto gaggawa. Fim ya shiga ƙasan akwati, aka manta da shi.

Bayan shekara talatin, uwar yaron ta rasu. Da ake kwashe kayanta sai ga fim ɗin cikin ƙullin tsumma. Malam ya zagaya gari neman mai wanki, aka ce masa waya ta kashe sana'ar. Sai ya aika wa ɗan nasa, wanda ke karatu a Faransa, ya taho da magungunan wanki da ɗan tulun baƙin roba da ake sa fim a ciki.

Hanyar wankin sunanta C-41, kamfanin Kodak ne ya fito da ita a 1972. Fim mai launi yana da shimfiɗa uku, ɗaya na kama shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Saboda haka ko jar fitilar nan ta masu hoton baƙi da fari haramun ce a kansa. Dole a naɗa shi cikin duhu ƙirin, da lalube. Malam ya jira dare, ya toshe taga da bargo biyu, ya naɗa, ya rufe tulun, sa'an nan ya kunna fitila.

Maganin farko shi ne mai hukunci: zafinsa digiri 38, lokacinsa minti 3 da daƙiƙa 15. In zafin ya kauce, launi ya kauce. Turawa sai sun ɗumama ruwa. A Damagaram cikin watan Afrilu kuwa, da ruwan randa ake sassauta shi. Ɗan ya riƙe agogo da ma'aunin zafi, uban yana juya tulu a hankali.

"Baba, in ba abin da ya fito fa?"

"To, mun sauke nauyi. Kai dai duba agogo."

Magani na biyu da na uku suka cire azurfar da ke jikin fim, suka bar launi kaɗai. Aka ɗauraye, aka shanya a ɗaki rufe saboda ƙura.

Zafin shekara talatin ya yi ɓarnarsa. Kilishen ya fito da duhu da hazo, yawancin gurabe 36 ɗin ba a gane kome cikinsu. Ɗan ya ɗora shi bisa haske, ya ɗauka da waya, ya juya launin. A gurbi guda sai ga mace zaune kan tabarma, da jariri a cinya, tana dariya ga wanda ke bayan kyamara. Zanenta ya koma wani launi da Malam ya ce ba shi ba ne. Shuɗi ta ɗaura ran nan. Fuskar kuwa ita ce.

Yaron bai taɓa ganin uwarsa tana ƴar shekara ashirin ba. Ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba.

Mai karatu da ke da irin wannan fim cikin akwati, ya sani kowace bazara tana cin rabonta a jikinsa. Malam ya sa an buga hoton, ya rataye shi a zaure, kusa da takardar ritayarsa. Allah Ya jiƙanta da rahama.