Da A Ce Ba Su Komo Ba

A watan Yuli 1969, kwana biyu kafin Neil Armstrong da Buzz Aldrin su sauka a kan wata, wani marubucin fadar shugaban Amurka, William Safire, ya shirya wa Shugaba Nixon jawabin ta'aziyyarsu. Mutanen kuwa suna nan da ransu. Dalili shi ne, ƙaramin kumbon da zai ɗauko su daga wata inji ɗaya tak gare shi na tashi. Da ya ƙi kamawa, ba mai iya kai musu ɗauki. Sai su zauna har iskar shaƙa ta ƙare, abokinsu Michael Collins kuwa ya komo gida shi kaɗai.

Takardar ta tsara kome. Shugaba zai fara buga wa matansu waya. Bayan an yanke magana da su, wani limamin ikkilisiya zai yi musu addu'a irin ta wanda ake binnewa a teku, ya rufe da Addu'ar Ubangiji.

To, da haka ta faru, me duniya za ta ce? Muna tsammani da an sa wa makarantu sunayensu, mawaƙa kuma sun sami abin yi. Masu cewa gwamma a ciyar da mayunwata da kuɗin nan da sun ɗaga murya, suna kuwa da hujja. Uwa ta fito da ɗanta shan farin wata, ta tuna akwai gawa biyu a can.

Amma namu na masu bi ya fi damunmu. Kafin Lahadi, da wa'azin hasumiyar Babila ya cika majami'u, ana cewa Allah ya ƙasƙantar da masu girmankai. Wa ya ba mu wannan sani? Aldrin dattijon ikkilisiya ne, ya kuma ci Jibin Ubangiji a kan wata kafin ya fita daga kumbon. Akwai wata hasumiya kuma, ta Siluwam, wadda ta faɗa wa mutum 18. A Luka 13 Yesu ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Abin da aka ji tsoro ya zo ta wata hanya a 1986. Kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe. Yara da yawa suna kallo a talabijin cikin azuzuwansu, malamansu suna tsaye kusa da su.