Nima: Burin Yara da Sana'ar Iyaye

Duk wanda ya sauka Nima, babban zangon birnin Akra, sana'a ce za ta fara tarbarsa. Ga masu albasar da ake saukowa da ita daga Nijar, ga teloli, ga 'yan canji, ga mata masu waake da tuwo tun da sassafe. Amma ka tare yaro a lungu ka tambaye shi me yake so ya zama, da wuya ka ji ya ce ɗan kasuwa. Wani zai ce matuƙin jirgi, don filin jirgin sama na nan kusa. Wata ta ce likita, ga asibitin sojoji na 37 a maƙwabta. Samari kuwa, Kudus kawai!

Ba laifinsu ba ne. A Nima Mohammed Kudus ya tashi, har ya ci ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022. Sai dai makarantar Right to Dream da ta horar da shi ƙwallo da karatu take haɗawa, kuma kaɗan ake ɗauka.

Iyaye, kada mu kashe wa yaro guiwa da "wa ya taɓa yi a gidanmu?" Tun 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce a Ghana, a bar shi ya gama. Idan an yi hutu kuma, a zaunar da shi a rumfa ya koyi lissafi da mu'amala da mutane. Ko likita ya zama, za su yi masa rana.