Tsohuwar Kyamara Da Sabon Almajiri A Gwallameji

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san Gwallameji, unguwar nan da ke kan hanyar Dass, maƙwabciyar Yalwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a shekarar 1979, ita ce ta mai da wurin unguwar ɗalibai, inda ake jin Hausa da Turanci da harsunan ƙasar nan iri iri a bakin teburin mai shayi guda. A irin wannan unguwa hoto ba abin marmari ba ne. Kowa da wayarsa a hannu, a ɗauki abinci, a ɗauki sabon ɗinki, a ɗauki allon malami don gudun wahalar rubutu. Saboda haka ne mutane suka yi ta kallon wani ɗalibi, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da suka ga yana yawo da wani ƙarfe mai nauyi rataye a wuya, cikin gidan fata da ya dafe don tsufa.

Kyamarar ta mahaifinsa ce. Da Allah ya yi wa mahaifin rasuwa aka zo rabon gado, sai aka same ta a ƙasan adaka tare da wani gwangwanin biskit cike da dodon hoto, watau fim ɗin da aka riga aka wanke, wanda fari ke fitowa baƙi a cikinsa, baƙi kuma fari. Babu wanda ya nemi ko ɗaya daga cikinsu, har masu ƙiyasta kaya ma ba su san kuɗin da za su sa musu ba. Shi kuwa yaron yana da dalilinsa. Hotunan mahaifinsa na shekarun ƙarshe duka a waya suke, wayar kuwa an zare ta daga aljihunsa a cikin cunkoson kasuwa, ta tafi da su baki ɗaya. Amma da ya ɗaga dodon hoton nan ya duba a hasken taga, sai ga mahaifin nasa yana saurayi, da ƙaton wando mai faɗin ƙafa irin na wancan zamani, ko ɗigo bai goge ba bayan shekara arba'in da wani abu. Mahaifiyarsa tana nan da rai, girma ya fara kama ta, ba ta kuma da hoto ko ɗaya a takarda in ban da na katin zaɓe.

A bayan wani layin shaguna akwai wani dattijo mai hoto, wanda yanzu abin da ya rage masa na sana'a shi ne hoton fasfo na ɗalibai da buga takardu. Da yaron ya yi sallama ya miƙa masa kayan, dattijon bai ce kome ba sai da ya goge hannu a riga. Ya juya ta, ya karanta lambar da ke bayanta, sa'an nan ya ce, "Yaro, wannan ai ta girme ka, ta kusa yin sa'ar babanka a aiki. Ka ga lambar ta fara da 71? To, a 1971 aka ƙera ta."

Sunanta Zorki 4, ƙirar masana'antar Krasnogorsk da ke kusa da birnin Mosko, inda aka yi ta ƙera irinta daga 1956 zuwa 1973. A waɗancan shekaru ɗaliban Nijeriya da dama sun tafi karatun likita da injiniya a Tarayyar Sobiyet, kuma irin wannan kyamara tana cikin tsarabar da sukan komo da ita, don tana da araha ga ta da ƙarko. Asalin fasahar kuwa ta Jamusawa ce. Wani injiniya mai suna Oskar Barnack shi ne ya ƙago ƙaramar kyamarar nan ta Leica, wadda ta shiga kasuwa a 1925 tana amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. A 1932 aka fito da Leica ta biyu, wadda aka haɗa mata ma'aunin nisa a jikinta, Rashawa kuma suka kwaikwaya. Wannan ma'aunin nisa shi ne ya raba irin waɗannan kyamarori da sauran, shi ne kuma abin da ya fi ba yaron wuya.

Dattijon bai fara da kyamarar ba. Cewa ya yi yaron ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon dama ya duba, sa'an nan ya rufe na hagu. Yatsan ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce ya matso da yatsan kusa da hanci ya sake, tsallen ya ƙaru. To, ashe haka Allah ya yi wa mutum ido biyu don ya san nisan abu, haka kuma maƙeran suka yi wa kyamarar taga biyu a goshinta, da 'yar tazara a tsakaninsu. In mutum ya leƙa ta baya, zai ga wani ɗan tabo mai haske a tsakiyar abin da yake kallo, a cikin tabon nan kuma kome ya rabu biyu, kamar yadda mai jiri ke gani. Sai ya riƙa murza gilashin gaba a hankali, siffa ɗaya tana tafiya wajen 'yar'uwarta, har su hau kan juna su zama ɗaya. A daidai nan nisa ya daidaita, hoto zai fito tangaran. In an wuce wurin ko da kaɗan ne, sai su sake rabuwa.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Sati guda cur yaron ya yi yana wannan aiki ba fim a ciki, don dattijon ya hana shi sakawa. Ya auna turken lantarki, ya auna bakin ƙofa, ya auna eriyar gidan maƙwabta, domin abu mai miƙaƙƙen layi a tsaye shi ya fi saurin nuna rabuwa. Fuskar mutum ta fi wuya, sai an nemi ƙwayar ido ko bakin hula. Mai tafiya kuwa ya fi duka, gama kafin siffofin su haɗu ya riga ya wuce. Dabarar tsofaffin masu hoto a nan ita ce a auna wurin da mutum zai taka tun bai iso ba, a tsaya a jira shi.

Akwai kuma dokoki uku da dattijon ya sa shi ya haddace kamar karatun allo. Ta farko, kada ya kuskura ya sauya lambar sauri sai ya ɗana kyamarar tukuna, don irin wannan ƙira ta Rasha in aka yi mata akasin haka haƙoran cikinta na iya sarƙewa, mai gyaranta kuwa yanzu sai an tona. Ta biyu, kada ya bar gilashin a buɗe yana fuskantar rana. Abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga wani ɗan labule ne na ƙyalle, gilashin kuma yana tara hasken rana wuri ɗaya kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau, ranar Bauchi ta watan Maris kuwa ba ta bukatar dogon lokaci kafin ta huda shi. Ta uku ta zama kamar kishiyar ta biyu: ya tuna ya cire murfin kafin ya danna. Da yake ba ta cikin gilashin ake leƙe ba, mutum na iya ɗaukar fim guda sukutum da murfi a rufe, yana ganin kome garau, alhali kuwa duhu yake tarawa. Dattijon ya ce ya san wanda ya yi haka a ɗaurin aure, bai kuma sake bin unguwar ba sai da amarya ta yi haihuwar fari.

Saura sanin haske, wanda shi ne zuciyar sana'ar. Zorki ba ta da batir, ba ta da abin auna haske, ba ta kuma ba mutum shawara. Ƙofar da haske ke bi tana da lambobi daga 2 abin da ya yi sama, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne yadda lamba ke girma haka ƙofar ke tsukewa. Dattijon ya ce da shi, "Kada ka dubi sama, dubi inuwarka." In fim mai lamba 100 ne, a sa sauri a kan 125. Idan inuwa ta fito baƙa ƙirin da kaifin baki, ƙofa 16 ke nan. Idan bakinta ya yi laushi, kamar ranar da hazon hunturu ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari, sai 11. Idan da ƙyar ake ganinta, 8. Idan babu ita sam, kamar lokacin da hadari ya haɗo, a buɗe zuwa 5.6. Masu hoto na duniya duka sun san wannan ƙa'ida, amma akwai ƙarin da sai wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san shi. Baƙar fuska a ƙarƙashin hula, ga farar babbar riga da ta sha bula tana ƙyalli a rana tsaka, ba su taɓa shiryawa a fim ɗaya. In an bi riga fuska ta nutse, in an bi fuska aikin wuyan riga ya ɓace. Maganin abin shi ne a jawo mutum inuwar zaure ko gindin darbejiya, a ƙara buɗe ƙofa, ko kuwa a haƙura sai bayan la'asar.

Sai da aka yi saƙo Ikko kafin a sami fim, baƙi da fari, guda biyu, kuɗinsu kuwa sun isa cefanen ɗalibi na kwanaki. Kowane ɗaya hoto 36 yake ci, ba ƙari. A nan ne halin yaron ya fara sauyawa ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba. Wanda a da yakan danna waya sau ashirin a kan abu ɗaya, sai ga shi yana ɗaga kyamara, ya auna, ya sauke bai danna ba. Bugu da ƙari, gilashin da ke kanta, Jupiter 8 mai milimita 50, ba ya jawo abin da ke nesa. Wanda yake son fuskar mutum ta cika hoto dole ya tako da ƙafarsa har tazarar taku biyu ko uku, ya tsaya yana murza gilashi a gaban mai fuskar. Ba a yin wannan a sace. Dole a yi sallama, a gaisa, a faɗi dalili, a kuma karɓi a'a in an ce a'a. Ba a ce waya ba ta da amfani ba, amma ta koya wa yaran yanzu ɗaukar mutane daga nesa ba da saninsu ba, har da matan aure, abin da a tarbiyyar Bahaushe rashin kunya ne tsagwaronsa. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da duniya ke yabo a yau, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da J. D. 'Okhai Ojeikere na ƙasar nan wanda ya fara tattara hotunan kitson mata a 1968, duk da yardar mutanensu suka yi aiki, yardar kuma tana nan a fuskokin da suka bari.

Wata uku fim na farko ya yi a ciki. Mai ƙosan bakin hanya ta ƙi sau biyu, a na uku ta ce ya jira ta gyara ɗaurin ɗankwali. Wani mai facin taya ya yarda bisa sharaɗin a kawo masa nasa kati.

Wankin fim a ɗakin dattijon aka yi shi, da dare, bayan an toshe taga da bargo. A cikin baƙin duhu ake zare fim a naɗa shi a kan ƙarfensa a sa a tulun wanki, da lalube kawai, kamar makaho na ƙirga kuɗi. Ruwan magani na farko yana son sanyi na digiri 20, abin da ruwan randa ma ba ya kaiwa da bazara, don haka sai da aka sayo ƙanƙara wajen mai sayar da ruwan sanyi. Aka zuba, ana duban agogo, ana jujjuya tulun lokaci lokaci. Aka zubar, aka ɗauraye, aka zuba magani na biyu mai kafe hoto don kada haske ya ƙara taɓa shi. Kafin a shanya, dattijon ya yayyafa ruwa a daɓen ɗakin saboda ƙura, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta manne a jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan har abada. Hannunsa na rawa wajen ɗaukar kofin shayi, amma bai yi rawa ba a wannan dare.

Cikin 36, goma sha ɗaya ne suka fito yadda ake so. Waɗansu sun yi duhu, waɗansu siffofin ba su gama haɗuwa ba aka danna, biyu kuma an yanke wa mutane saman hula, saboda tagar leƙe tana sama da gilashin, abin da take nunawa a kusa ba daidai yake da abin da fim ke gani ba. Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila yana faɗin dalilin kowanne, bai yaba ba, bai kushe ba, har ya zo kan na mai ƙosai, hayaƙi na tashi ta gefenta, idonta tar a kan mai ɗauka. Nan ya daɗe. Na'urarsa ta buga hoto a takarda ta mutu tun shekarun da aikin fim ya ja baya, don haka sai da aka bi ta kwamfuta kafin a fitar da katin, aka kai wa mai ƙosai nata, aka kai wa mai faci nasa.

Fim na biyu yana nan a gwangwani a gindin randa, inda ya fi sanyi a ɗakin, an ajiye shi sai hutun Sallah in yaron ya je gida. Ya tambayi dattijon ya ce, "Baba, a ina kuke ganin ya kamata in zaunar da ita?" Dattijon ya ce a bakin ƙofar ɗakinta, da hantsi, haske na zuwa ta gefe, ya sa 5.6, kuma ya bar ta ta sa zanen da ita ta zaɓa, ba wanda 'yan'uwansa mata za su zaɓa mata ba.