Ƙafa Takwas, Amma Ba Gizo-gizo Ba

Wata ɗaliba ce ta tona mini asiri, kuma a gaban aji, shi ne na ce bari in ba ku labarin da bakina kafin ku ji shi a wani wuri.

Shekara 19 ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Kafanchan. Ranar muna kan darasin rabe-raben dabbobi, na cika allo da sunaye kamar yadda na saba: mai ƙafa shida ƙwaro ne, mai ƙafa takwas dangin gizo-gizo da kunama ne. Sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce ta ga wata halitta a wayar yayanta, mai ƙiba, mai ƙafa takwas, tana tafiya a cikin ɗigon ruwa, ana ce mata beyar-ruwa. "Malam, ita a wane gida take?" Ban tsaya tunani ba na ce dangin gizo-gizo ce. Ta ce, "Malam, ka taɓa ganinta da idonka?" Aji ya yi tsit. Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure.

Gaskiyar magana, ban taɓa ganinta ba, ban ma taɓa jin sunanta ba. Abin da ya fi ci mini rai da daddare shi ne, amiba ɗin da nake zana musu a allo duk shekara, rabona da ganinta tun ina ɗalibi. Makarantarmu tana da madubin likita guda ɗaya, yana kulle a kabad, kuma mabuɗin yana aljihuna. Ni na hana a taɓa shi don kada yara su lalata a ce in biya. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na kwana uku ina karatu kafin in koma ajin. Ga abin da na samo.

Wani fasto Bajamushe mai suna Johann Goeze ne ya fara bayyana wannan halitta a 1773. Siffarta ta yi masa kama da ta beyar, dabbar nan ta ƙasashen sanyi, sai ya kira ta ƙaramar beyar ta ruwa. Bayan 'yan shekaru wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ba ta sunan da ya zama Tardigrada, ma'ana mai tafiyar hawainiya. Yawancinsu ba su wuce rabin milimita ba, wato in ka ɗiga biro a takarda, ɗigon ya kai su ko ya fi su.

Jikinta kashi biyar ne: kai, sai gaɓoɓi huɗu, kowace gaɓa da ƙafa biyu. A nan kuskurena yake. Ƙafar gizo-gizo da ta fara da ta ƙaguwa tana da mahaɗai inda take lanƙwasawa. Ƙafar beyar-ruwa kuwa guntuwa ce mai taushi, babu mahaɗi ko ɗaya, sai farata a ƙarshenta. Ƙafafu shida na gaba da su take tafiya, biyun baya suna kallon baya, da su take riƙe ganye. Saboda haka masana suka ware mata babban gida nata ita kaɗai. Tsakaninta da ƙwari da gizo-gizo akwai zumunci, amma na nesa ne, irin na 'yan ƙauye ɗaya da ba su haɗa kaka ba.

A bakinta akwai tsinke biyu masu kaifi. Da su take huda ƙwayar tsiro ko jikin wata ƙaramar halitta, sannan ta zuƙe ruwan ciki da wani maƙogwaro mai ƙarfi. Tana da ƙwaƙwalwa da hanji, da yawansu suna da ɗigon ido biyu masu gane haske da duhu kawai. Ba ta da huhu, ba ta da zuciya. Ta fata iska ke shigarta, shi ya sa ko wadda ke zaune a kan bango sai da lemar ruwa a jikinta take iya motsi. In ta girma tana yin saɓa kamar maciji, wasu ma a cikin tsohuwar fatar suke zuba ƙwai su bar shi a can.

An san iri fiye da 1,300, kuma kowace shekara ana ƙara gano sababbi. Manyan rukunansu biyu ne. Heterotardigrada, da yawansu suna da faranti-faranti a baya kamar sulke, wasunsu a teku suke. Eutardigrada kuwa masu santsin jiki ne, su suka fi yawa a gansakuka da ruwan daɗi. Akwai rukuni na uku, Mesotardigrada, mai iri ɗaya tak, wanda wani masani Gilbert Rahm ya ce ya samo a maɓulɓular ruwan zafi kusa da Nagasaki a Japan a 1937. Tun daga nan ba wanda ya sake ganinsa, har masana da dama suna shakkar ko ya taɓa wanzuwa. Wajen rarrabe iri da iri, ana duba siffar farata, da tsarin baki, da adon da ke jikin ɓawon ƙwai.

Da na koma ajin, na tsaya na ce, "Ran nan na yi muku kuskure, 'yar'uwarku ta fi ni gaskiya." Ban taɓa faɗar irin wannan magana a aji ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Na fito da mabuɗi na buɗe kabad.

Watan Agusta ne, ruwa ya zauna, bangon kowane gida ya yi kore. Na ce kowa ya kankaro gansakuka ya kawo. Wasu suka kawo daga bayan gida, wasu daga jikin mangwaro, wani yaro ya kawo tasa daga duwatsun Matsirga. Muka jiƙa su da ruwan sama a murafen kwalba suka kwana, washegari muka matse ruwan a ɗan farantin gilashi. Ranar farko ba mu ga komai ba sai ƙasa da wasu siraran tsutsotsi masu wutsil-wutsil. Rana ta biyu ma haka. Har yara sun fara cewa abin na Turai ne, babu shi a nan.

A rana ta uku muka sa baƙar takarda a ƙarƙashi, muka haska tocila daga gefe. Yarinyar nan ce ke kan madubin, sai na ji ta ce, "Malam! Malam, zo ka gani, ga ta nan!" Na sa ido. Ga ta kuwa, fara sol, ana hango koren abincin da ke cikinta, tana taka wani ɗan ganye a hankali kamar tsohuwa mai hawan tudu. Gansakukar daga bangon bayan ɗakin gwajinmu aka kankaro ta, bangon da nake wucewa kullum shekara 19. Yara 50 da wani abu suka yi layi, ba wanda ya tura wani.

Sauran abin da ya fi ba ni mamaki sai da rani ya zo. Duk wanda ya taso kusa da fadama ya san gaiwa, yadda take shigewa laka in ruwa ya janye, ta zauna a can har damina. Beyar-ruwa ta wuce gaiwa a wannan fanni. Gaiwa tana numfashi a raminta, har ake cewa jikinta take ci. Ita kuwa wannan janye ƙafafu take yi, ta dunƙule, kusan duk ruwan jikinta ya fita, aikin jiki ya tsaya cak, ta zama kamar ƙwayar ƙura. Da na je bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, na kankaro busasshiyar gansakuka daga jikin dutse, ta bushe ƙayau har tana marmashewa a hannu. Da aka koma makaranta muka jiƙa ta da safe. Kafin a tashi, mun sami biyu suna miƙe ƙafafu.

Wannan dunƙulewa ce ta sa sunanta ya zaga duniya. A watan Satumba na 2007 an tura wasu sararin samaniya a kumbon FOTON-M3, aka bar su kwana 10 inda babu iska, da aka dawo da su aka jiƙa wasu suka farfaɗo. A Japan an narkar da gansakukar da aka ɗebo daga yankin ƙanƙara na Antatika a 1983, bayan ta shekara 30 a daskare, aka sami masu rai, ɗaya har ta yi ƙwai ya ƙyanƙyashe. Sai dai kada a ruɗe ku da cewa ba ta mutuwa. Mun bar ɗaya a kan gilashi a iskar hunturu, ruwan ya ƙafe cikin 'yan mintoci, muka sake jiƙawa ba ta tashi ba. Sai bushewar ta zo a hankali take samun damar shiryawa.

Wani zai ce, to Malam, me wannan zai ƙara mana? Ku tuna da 2023, lokacin da cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jema'a. Mutane sun ci bashi sun shuka, suka tono ruɓaɓɓe. Abin da ya yi wannan ɓarna naman gwari ne da ido ba ya gani. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da 'ya'yanmu ita ma sai da madubi ake ganinta. Muna son yaranmu su shiga kwalejin jinya ta Kafanchan, su shiga Gidan Waya, su tafi Zariya, su dawo su magance mana irin waɗannan matsaloli, alhali da yawansu suna gama sakandare ba su taɓa sa ido a madubin likita ba. Sun haddace zane, sun ci jarrabawa, amma ba su taɓa ganin abin da suka zana ba. Na san haka domin da hannuna na yaye irinsu, aji bayan aji.

Roƙona ga 'yan ƙungiya guda biyu ne. Na farko, in ka ziyarci tsohuwar makarantarku, tambayi malamin kimiyya ko suna da madubi, kuma yaushe rabon da ɗalibi ya taɓa shi. In babu, tsofaffin ɗalibai ku haɗa hannu ku saya, ba ya kai kuɗin da muke kashewa a liyafar ƙarshen shekara. In akwai, ku ɗauke wa malamin tsoron biyan diyya, ku ce in ya lalace a hannun yara ku za ku gyara. Wannan tsoron ne ya sa na kulle namu. Na biyu, 'yan uwana malamai, in yaro ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce masa ba ku sani ba, ku nemo tare.

Yarinyar ta gama bara, tana jiran sakamakon shiga jami'a. Mabuɗin kabad yanzu yana hannun shugaban ɗaliban ɗakin gwaji, kuma madubin bai lalace ba har yau. In damina ta sauka, duk mai son gani da idonsa ya kankaro gansakukar bangon gidansa ya kawo taron wata, zan zo da madubin. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.