Karatun Fulogi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, roƙon da wani tsohon bakaniken babur a Kano ya fi ji daga bakin masu kawo masa gyara shi ne: "Malam, a rage masa shan mai." Masu babur na haya da na gida duk haka suke cewa, har da mai babur mai ƙafa huɗu da ake zagaya gona da shi. Shi kuwa ba ya taɓa kafireto sai ya kwance fulogi ya ɗaga shi ga haske.

Abin da yake yi a wannan lokaci karatu ne, ko da yake babu baƙi babu wasali. Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, kuma ƙonewa tana cika ne idan an sami kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Duk abin da ya kauce wa wannan ma'auni yakan bar shaida a bakin fulogi. Idan ya ga launin ƙasa-ƙasa, kamar soyayyiyar gyaɗa, to haɗin ya yi daidai. Baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya rinjayi iska. Baƙi mai danshi da maiƙo kuwa alama ce ta baƙin mai da ke tsallake zoben fistin, kuma wannan ba laifin kafireto ba ne. Wanda ya fi tsoro shi ne fari fat, domin yana nufin inji na fama da ƙishirwa, zafi kuma na cin sa daga ciki.

Ba ya yanke hukunci da launi kaɗai. Yakan tambayi inda babur yake aiki. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, sai fulogi ya yi baƙi alhali wanke matata kawai ake bukata. Babur da aka daidaita a Kano, idan ya hau tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200, iskar da yake shaƙa ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka fetur ya kan yi masa yawa. Idan ya tabbatar gyaran na kafireto ne, yakan juya ƙusar haɗi rubu'in zagaye, ya saurari inji, ya sake juyawa.

A nan ne yake saɓawa da masu babur. Rage fetur fiye da kima yana sa lita ta ƙara tafiya na ɗan lokaci, amma ƙarshensa ƙonewar bawul ko hujewar fistin, abin da kuɗinsa ya ninka ribar da aka ci. Wasu sukan yi fushi su tafi wurin wanda zai matse musu ƙusar ba tare da tambaya ba. Yana rasa kuɗin aiki, amma ya ƙi, domin a ganinsa babur amana ce, kuma abincin iyali yana rataye da wannan inji.

Yaransa na koyon wannan ilimi da ido da kunne, da kalmomin da aka aro aka hausantar, irin su fulogi da kafireto da salansa. Masu nazarin Hausa da ke tattara kalmomin saƙa da ƙira da jima suna da aiki irin wannan a bakin gareji.