Ciwon gefen ƙugu da muke kira sanyi

Gwaggona ta shekara biyu ba ta iya kwanciya a ɓarin dama. Atamfa take sayarwa a Kasuwar Kure, nan Minna, kuma a tsaye take yini, ta karkatar da nauyinta kan ƙafa ɗaya kamar mai ɗauke da yaro a kwankwaso. Da ciwon ya fara, duk gida muka ce sanyi ne. Wanzami ya yi mata ƙaho, an shafa man zafi, ta yi ta haɗiyar ƙwayoyin kemis har cikinta ya soma ƙuna. Da aka ɗauki hoton ƙashi a wani asibiti, sai aka ce mata: "Hajiya, lafiyarki lau, shekaru ne." Tun daga ranar ta daina yi mana ƙorafi. Wannan shirun shi ya fi damuna.

Ƙashin nata kam lafiya yake. Amma a gefen ɗuwawu akwai tsoka biyu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda jijiyoyinsu ke manne da ƙullutun ƙashin da kake ji idan ka dafa gefen ƙugunka. Su ke riƙe ƙugu kada ya karkace duk sanda ka ɗaga ƙafa a tafiya. Jijiyar tana goga ƙashin nan shekara da shekaru, kamar igiyar guga a bakin rijiya, har ta fara tsintsinkewa. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan. Mata 'yan shekara 40 zuwa 60 suka fi fama da shi.

Wata likitar gashin ƙashi ce ta gano, ba da wata na'ura ba. Ta danna ƙullutun, Gwaggo ta yi salati. Ta ce ta tsaya kan ƙafar dama kaɗai, sai muka ga ƙugun hagu ya zube ƙasa. Wani likita Bajamushe, Friedrich Trendelenburg, shi ya bayyana wannan alama tun 1895, kuma har gobe ba ta buƙatar wutar lantarki. Daga baya hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ya nuna jijiyar ta tsage amma ba ta rabu da ƙashi ba. Inda ake shakka, MRI ya fi fayyacewa.

Maganin ya ba mu mamaki saboda sauƙinsa. Ta daina harɗe ƙafa. Ta riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyi idan za ta kwanta. Sandar da ta ƙi riƙewa don kunya, ta riƙe ta a hannun hagu, wato ɓangaren da ba ya ciwo. Sai motsa jiki na ƙarfafa tsokar, kaɗan kaɗan, kullum bayan asuba. Na tambayi likitar batun allura, don mu nan idan ba a tsira wa mutum allura ba gani yake ba a duba shi ba. Ta ce allurar kashe kumburi tana sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma yawanta na iya raunana jijiyar. Na kuma karanta binciken da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2018, kan mutum 204 masu ciwon wannan jijiya: waɗanda aka koya wa motsa jiki da kula da yadda suke tsayuwa sun fi 'yan allura samun sauƙi, har bayan shekara guda.

Idan jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ko an yi watanni ba canji, to aikin tiyata ne, a ɗinke ta a jikin ƙashi, mutum ya yi makonni da sanduna. Nan sai likitocin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma daga Minna tafiya ce da kuɗi. Allah Ya rufa asiri, ba mu kai can ba.

Wata biyar Gwaggo ta ɗauka kafin ta samu sauƙi. Yanzu akwai doguwar kujera a shagonta, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ta hau matakalar gidan ɗiyarta a Bosso ba tare da ta dafa bango ba.